Lotus 25 da Jim Clark: yadda ƙaramin inji ya sauya ginin motar tsere

A shekarar 1961 aka sauya dokar Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya. An rage girman inji daga lita 2.5 zuwa lita 1.5, an hana sa na'urar da ke cusa wa inji iska da ƙarfi, aka kuma ce kada nauyin mota ya gaza kilo 450. Dole a yi amfani da fetur irin na kasuwa, dole mota ta iya tashi da kanta da batir, kuma haramun ne a ƙara baƙin mai bayan an soma tsere. Wannan sharaɗi na ƙarshe a riƙe shi, don sau biyu zai shigo cikin labarin Jim Clark, direban kamfanin Lotus.

Kamfanonin Ingila sun ɓata lokaci suna jayayya da dokar maimakon su shirya mata. Ferrari ta Italiya kuwa ta shirya, ta zo da inji mai silinda 6 mai ƙarfin doki wajen 190, su Lotus da Cooper suna fama da tsohon injin Coventry Climax mai silinda 4 da bai wuce 150 ba. Phil Hill ya ɗauki kambun shekarar da Ferrari. Abin da Colin Chapman, mai kamfanin Lotus, ya karanta a wannan kaye shi ne cewa ko sabon inji ya zo, zai samu irin wanda Cooper da Brabham da sauran masu saye za su samu ne. Ba shi da injin kansa. Idan yana neman fifiko, sai dai ya nemo shi a jikin motar: ta rage kokawa da iska, ta rage nauyi, tayoyinta su ƙara kama ƙasa a kwana. Lotus 25 amsar wannan lissafi ce.

Injin da kowa ke iya saye

Coventry Climax ba kamfanin tsere ba ne asali. Injin famfon kashe gobara da motocin ɗaga kaya a ma'ajiya yake ƙerawa. Injiniyansa Walter Hassan da abokan aikinsa suka fito da FWMV, mai silinda 8 a jere biyu masu siffar V. A 1962 yana shan mai ta kafireta 4 na Weber, yana ba da ƙarfin doki kimanin 186 a juyi 8,500 a minti. A 1963 aka faɗaɗa bakin silinda daga milimita 63 zuwa kusan 68, aka gajarta tafiyar fistan daga milimita 60 zuwa ƙasa da 52, aka cire kafireta aka sa na'urar fesa mai ta Lucas. Gajarta tafiyar fistan na nufin a kowane juyi fistan yana cin ɗan nisa kaɗan, saboda haka ana iya ƙara juyi ba tare da sandar fistan ta tsinke ba. Ƙarfi ya hau wajen 195 a juyi 9,500.

Ƙarfin doki 195 ba wani abin a zo a gani ba ne. Akwai motocin gida na yau da suka fi haka. Amma yana tura abin da bai kai rabin tan ba. Illarsa ita ce ƙarfin yana can sama, cikin ɗan siririn tsakani na juyi. Direban da ya bari juyi ya faɗi a tsakiyar kwana, sai ya jira inji ya farfaɗo, kuma wannan jira yana bin sa har ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya. A zamanin manyan injuna ana iya rufe kuskure da taka totur. A zamanin lita 1.5 babu wannan rangwamen.

Abin da ke damun shasin bututu

Kafin 1962 kusan duk motar Formula 1 ana gina ƙwarangwal ɗinta, wato shasi, ne da siraran bututun ƙarfe da aka yi wa walda, ana jera su kusurwa uku-uku don kowane bututu ya ɗauki ja ko danna kawai. Tsarin yana da kyau a takarda. Matsalarsa tana tsakiya, inda direba ke zama: ba za ka gitta bututu ta kan mutum ba, don haka wurin yana zama a buɗe, kuma nan ne shasi ke murɗewa. Ga kuma tankunan fetur na alminiyam da ake ɗaurewa a gefe da kan ƙafafun direba. Suna ƙara faɗi, suna ƙara nauyi, ba sa ƙara ƙarfi ko kaɗan, kuma girgiza tana tsaga su a wurin walda.

Me ya sa murɗewar ke da muhimmanci haka? Bakanike yana saita sifirin da shokozoba da sandar hana tangaɗi a gaba da baya don ya raba nauyin da ke komawa gefe ɗaya a kwana. In ya taurara gaba, motar tana ƙin shiga kwana; in ya taurara baya, gindinta yana zamewa. Wannan saiti yana aiki ne kawai idan abin da ya haɗa gaba da baya bai lanƙwasa ba. In shasi yana murɗewa, ya zama wani sifirin na biyar wanda ba shi da shokozoba, kuma ba mai iya saita shi. Abin da makanikai ke yi a lokacin shi ne su sa sifirin masu tauri don su danne matsalar, sai taya ta riƙa tsalle a kan gargada maimakon ta bi ƙasa. Da shasi mai tauri kuwa ana iya sa sifirin masu laushi, taya ta lafe a ƙasa, kuma duk ɗan canjin da aka yi direba zai ji shi.

Alƙaluman da aka saba kawowa su ne waɗannan. Ƙwarangwal ɗin Lotus 21 ta 1961 yana da nauyin kilo 37 tsirara, ya kai wajen 59 in an haɗa tankuna da maƙalai, kuma a ma'aunin da Turawan Ingila ke auna murɗewa da shi, ana buƙatar kimanin 700 kafin ya murɗe digiri ɗaya. Gangar jikin Lotus 25 kilo 30 ce, ita ce kuma mazaunin fetur, tana ɗaukar 1,000 ita kaɗai, ta kai kimanin 2,400 in an ɗaure inji a ciki. Wato fiye da ninki uku na tauri a kusan rabin nauyi.

Yadda aka haɗa ta

Dabarar daga ginin jirgin sama ta fito, inda fatar jirgin ce ke ɗaukar nauyi. Chapman ya karanci aikin injiniya a Landan, ya ɗan yi zama a rundunar sojan sama, ya kuma yi aiki da kamfanin alminiyam, saboda haka ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Ba shi ya fara gwada ta a mota ba: Voisin ta Faransa ta shiga tsere da irin wannan jiki tun 1923, tsakiyar Jaguar D-type ma haka take. Shi dai shi ne ya sa ta ta yi nasara a Formula 1, har kowa ya bi.

A masana'antar Lotus da ke Cheshunt, arewa da Landan, aikin ya tafi kamar haka. An lanƙwasa fallen alminiyam mai kaurin milimita 1.6 aka yi dogayen akwatuna biyu, kowanne bayansa a gantsare, cikinsa a miƙe, masu tafiya daga inda tayoyin gaba suke har gefen inji. Akwati rufaffe yana ƙin murɗewa ƙwarai. Ɗauki gwangwanin madara da ba a fasa ba ka gwada murɗa shi, sannan ka tsaga gefensa daga sama har ƙasa ka sake gwadawa. Akwatunan nan biyu aka haɗa su da fallen ƙasa da kuma katangu na ƙarfe: ɗaya a gaba mai riƙe da hannayen taya da sitiyari da fedoji, ɗaya a wurin agogunan gaban direba, ɗaya a jingine bayan kujera, ɗaya a can baya mai riƙe da hannayen tayoyin baya. Duk wurin da babban nauyi zai shiga ta maƙali ɗaya, ƙarfe ne ke karɓarsa ya watsa shi cikin fallen, don siririn alminiyam yana yagewa in aka ja shi a wuri guda.

Ba a yi wa fallen walda ba, ribit aka buga. Dalili shi ne irin wannan alminiyam na jirgin sama, mai gaurayen tagulla, ƙarfinsa daga gashin da aka yi masa a masana'anta yake, zafin walda kuwa yana kashe shi. Cikin akwatunan aka cusa jakunkunan roba na fetur ta ƙananan ƙofofi, irin na jiragen yaƙi, waɗanda girgiza ba ta tsaga su. Injin aka zaunar tsakanin ƙahonin akwatunan biyu na baya aka ɗaure shi kam, ba roba a tsakani, shi ya sa yake ƙara tauri. Akwatin giya na ZF ne daga Jamus, mai giya 5. Lagireto da tankin baƙin mai suna cikin hanci. Murfin sama na fayiba ne, ba ya ɗaukar komai, iska kawai yake gyarawa. Sifirin da shokozoban gaba an ɓoye su cikin jiki, hannun taya na sama yana danna su kamar sikeli, don kada su tsaya cikin iska.

Sai zaman direba. Tunda fetur ya koma gefe, Chapman ya kwantar da direba tsakanin akwatunan, bayansa a kusurwar digiri 35 daga ƙasa, hannaye a miƙe, haɓa kusa da ƙirji. 'Yan kallo suka riƙa ce wa motar bahon wanka. Ribar a fili take: ƙarfin da ake buƙata don keta iska yana ninkuwa takwas in gudu ya ninku biyu, kuma yana tafiya daidai da faɗin gaban mota. A hanyoyi irin Spa ta Beljiyam da Reims ta Faransa da Monza ta Italiya, inda ake daɗewa a giyar ƙarshe, rage 'yan santimita a tsawo da faɗi ya fi ƙarin ƙarfin doki goma da ba a da shi.

Akwai ɗan wayo na kasuwa a ciki. A wannan shekarar Lotus ta sayar wa masu zaman kansu Lotus 24, mai inji ɗaya da hannayen taya kusan iri ɗaya amma shasin bututu, har Jack Brabham ya sayi ɗaya. Sai da aka je Zandvoort a Holan ranar 20 ga Mayu 1962 suka ga abin da kamfanin ya ajiye wa kansa. Ba su ji daɗi ba, kuma suna da gaskiya.

Mutumin da aka auna motar a jikinsa

An haifi Jim Clark ranar 4 ga Maris 1936 a Kilmany, cikin Fife a Sikotlan, shi kaɗai ne namiji cikin 'ya'ya biyar. Iyalin suka koma gonar Edington Mains kusa da Chirnside, inda ya tashi cikin kiwon tumaki. Ya fara tsere a 1956 da motar abokinsa Ian Scott-Watson, iyayensa ba sa so. Washegarin Kirsimeti na 1958 a filin tsere na Brands Hatch a Ingila ya kara da Chapman kansa, kowa da Lotus Elite, ya zo na biyu a bayansa. A 1960 ya shiga Formula 1 da Lotus, bai kuma taɓa tuƙa wa wani kamfani a gasar ba har ya mutu.

Shekarunsa na farko sun zo da jini. A Spa a 1960 Chris Bristow da abokin aikinsa Alan Stacey sun mutu a tsere ɗaya. A Monza a 1961 motarsa ta gogi Ferrari ta Wolfgang von Trips, wanda ya mutu tare da 'yan kallo 15, kuma binciken hukumomin Italiya ya daɗe yana bin sa. Ya tsani Spa a fili, amma ya ci ta sau huɗu a jere daga 1962 zuwa 1965.

Tuƙinsa ya dace da wannan mota kamar an gwada. Ba dogo ba ne, don haka matsattsen mazaunin bai takura shi kamar wasu ba. Yana taka birki da wuri amma a hankali, yana sakinsa sannu a hankali yayin da yake karya sitiyari, motar ta shiga kwana a daidaice ba ta dungura gaba ba, gudun tsakiyar kwana ya zauna sama, juyin inji bai faɗi ba. Wannan salo yana buƙatar mota mai amsawa iri ɗaya kowane zagaye, abin da shasi mai tauri ke bayarwa ke nan. Sakamakonsa ana ganinsa a gareji: birkinsa da tayoyinsa sun fi na kowa daɗewa, har an ruwaito cewa a 1963 saitin tayoyin Dunlop ɗaya ya yi masa tsere huɗu a jere. Yana da wani hali da makanikai ke yabo kuma suke kuka da shi: in mota ta samu matsala, sai ya sauya tuƙi ya rufe ta, lokacinsa bai faɗi ba, har a kasa gane akwai abin gyara.

1962: mota mafi gudu, kambu a hannun wani

A Zandvoort ya jagoranci tsere har kuloci ya ba shi matsala, ya ƙare na tara. A Monako ma bai kai ƙarshe ba. A Spa inji ya lalace lokacin gwaji, ya tashi daga gurbi na 12, ya ci tseren da matsakaicin gudun kilomita 212 a awa, nasararsa ta farko ke nan kuma ta farko ga motar. Ya ci na Birtaniya a Aintree daga tashi har ƙarshe, ya ci na Amurka a Watkins Glen. A Jamus laifinsa ne: cikin ruwan sama yana fama da tabaransa da ya yi hazo, ya manta bai kunna famfon fetur ba, inji ya mutu a layin tashi, ya bi su daga baya ya ƙare na huɗu.

Aka zo tseren ƙarshe a East London, Afirka ta Kudu, ranar 29 ga Disamba. Sakamako biyar mafi kyau kawai ake ƙirgawa. Graham Hill na kamfanin BRM ta Ingila yana da maki 39, Clark 30. In Clark ya ci, za su yi kunnen doki a 39, shi kuma ya ɗauki kambu da nasara huɗu a kan uku. Yana gaba da tazara mai kyau, saura kimanin zagaye 20 cikin 82, sai hayaƙi ya fara fita daga bayan motar. Wani ɗan ƙaramin bolti ne a gidan sandar distirbito ya kwance ya faɗi saboda babu washar da ke kulle shi, baƙin mai ya riƙa tsiyaya ta ramin a kan salansa. Doka ta hana ƙara mai. Hill ya ci tseren da kambun.

Inji mai juyi dubu takwas da aka ɗaure kam a jikin mota yana aika girgizarsa ko'ina. Duk bolti da ba a kulle da washa ko waya ba, lokaci kawai yake jira.

1963

Wannan shekarar lissafin Chapman ya fita daidai. Cikin tsere 10 Clark ya ci 7: Beljiyam, Holan, Faransa, Birtaniya, Italiya, Meziko da Afirka ta Kudu, duka da mota ɗaya, mai lambar shasi R4. Sakamako shida kawai ake ƙirgawa, ya samu maki 54, iyakar abin da zai yiwu. Da an ƙirga duka 73 ne. Lotus ta ɗauki kambun masu ƙera motoci karo na farko.

Ukun da bai ci ba sun fi bayyana halin motar. A Monako yana gaba sai akwatin giya ya kama giya biyu lokaci guda, tayoyin baya suka kulle. A Jamus injin ya riƙa ɗauke silinda ɗaya yana maidowa, ya zo na biyu bayan John Surtees. A Amurka batir ya ƙi tayar da mota, ya tashi an riga an ba shi fiye da zagaye guda, ya ƙare na uku. Ko a Spa da ya ci, daga gurbi na takwas ya tashi, ya shiga gaba tun kwanar farko, giyar ƙarshe ta riƙa fita da kanta, ya riƙe sandar giya da hannu ɗaya yana tuƙi da ɗayan a wuraren da suka fi gudu, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Ya ba Bruce McLaren da ya zo na biyu kusan minti biyar. A Zandvoort ya zagaye kowa.

To nawa ne na mota, nawa ne na direba? Ma'auni mafi kusa shi ne abokin aikinsa Trevor Taylor, direba mai gudu wanda ya zo na biyu a Zandvoort a 1962. Da Lotus 25 iri ɗaya ya gama 1963 da maki ɗaya tak. Gaskiya ne haɗura da lalacewar mota sun bi shi, kuma Lotus ba ta taɓa iya kula da mota ta biyu kamar ta farko ba. Amma da aka sayar da tsofaffin 25 ga ƙungiyar Reg Parnell aka sa musu injin BRM, su Chris Amon da Mike Hailwood na biyar da na shida suka riƙa samu. Duk nasarori 14 da Lotus 25 ta yi a gasar duniya, Clark ne a ciki. A ganina motar ta ba da fifiko na gaske na kamar shekara ɗaya da rabi, kafin sauran su kwaikwaya. Abin da ya wuce haka na direban ne.

Mai ya sake zuba

A 1964 Dunlop ta kawo tayoyi masu faɗi a kan ƙafa mai inci 13 maimakon 15. Taya mai faɗi tana ƙara kama ƙasa, tana kuma ƙara wa hannayen taya da shasi wahala, shi ya sa aka fito da Lotus 33, wadda 25 ce da aka ƙarfafa aka ɗan tsawaita. Clark ya ci Holan da Beljiyam da Birtaniya da tsohuwar 25. Na Beljiyam sa'a ce tsantsa: Dan Gurney da Graham Hill da McLaren duk suka tsaya ko suka rage gudu a zagayen ƙarshe, ya wuce bai ma san ya ci ba, shi ma fetur ɗinsa ya ƙare bayan ya ƙetare layi. A tseren ƙarshe a Meziko, da 33, yana gaba tun tashi kuma kambu na hannunsa, sai bututun baƙin mai ya fara yoyo, inji ya kama a zagayen ƙarshe. Surtees ya zama zakara da maki 40, Hill 39, Clark 32.

Kambu biyu cikin shekara uku sun tafi ta hanyar yoyon mai. Ba tsautsayi kaɗai ba ne. Chapman yana ƙera kowane ɓangare daidai ƙarfin da zai kai shi ƙarshen tsere, ba ya barin rara, kuma ƙaramar ƙungiyarsa tana rarraba kanta tsakanin Formula 1 da tseren Indianapolis na Amurka da motocin sayarwa. Tunanin da ya rage kilo 29 daga shasi shi ne ya bar bututu da maƙalai ba su da abin da zai cece su in an yi ɗan kuskure.

A 1965 komai ya riƙe. Clark ya ci shida, ya tsallake Monako ya je ya ci Indianapolis 500 da Lotus 38, jikar wannan tsari, ya ɗauki kambu na biyu. A Faransa, a hanyar duwatsu ta Clermont-Ferrand, motar ajiya ya hau, tsohuwar 25 mai lamba R6, ya ci da ita. Nasararta ta ƙarshe ke nan, shekara uku bayan fitowarta. Clark ya mutu ranar 7 ga Afrilu 1968 a Hockenheim ta Jamus, a tseren Formula 2 da Lotus 48, yana da shekara 32; abin da masu bincike suka fi karkata a kai shi ne tayar baya ce ta sace. Ya bar nasara 25 cikin tsere 72.

Wanda bai bi ba

Ferrari ta fara liƙa falle a kan bututu tun ƙarshen 1963, BRM ta zo da cikakken jikin falle a 1964. Amma Brabham da injiniyansa Ron Tauranac suka tsaya a kan bututu, suka kuma ci kambun 1966 da 1967 da shi, ba su sauya ba sai 1970. Hujjarsu ta aiki ce. Shasin bututu in ya lanƙwashe, a yanke bututun a yi waldar sabo, ko a bayan fili ne. Jikin falle in ya lotsa, sai an kai shi masana'anta, a huda ribit ɗaya bayan ɗaya, a cire fallen, a ɗora sauran a kan teburin awo don kada maƙalan taya su goce, a lanƙwasa sabo a buga. Ga wahalar kai hannu ga abin da ke ciki. Ga zafi, tunda ruwan lagireto da mai suna ratsa gefen direba daga hanci zuwa inji.

Ta fuskar tsaro abin gauraye ne. Akwatunan suna shanye bugu fiye da bututu, wanda ke karyewa ya soki mutum. Sai dai direba yana kwance ne tsakanin jakunkunan fetur biyu, babu bel, kuma ƙarfen kariya na bayan kai gajere ne. Taylor ya tsira a Enna ta Sisili a 1963 ne saboda motar ta jefar da shi kafin ta tarwatse.

Riƙon irin wannan mota a yau

Guda bakwai aka ƙera, R1 zuwa R7, kuma haɗari ya ci wasu tun a lokacin. R6 tana gidan tarihin mai zane Jean Tinguely a Basel ta Suwizalan. R4 ta bi doguwar hanya: ta koma hannun Parnell, Richard Attwood ya yi mummunan haɗari da ita a Spa a 1965, aka sake gina ta da sabuwar lamba R13, ta tafi Niyu Zilan, daga baya John Dawson-Damer ya maido da ita siffarta ta asali a Ostireliya. Yanzu tana fita tseren tsofaffin motoci a Goodwood da Monako ƙarƙashin kulawar Classic Team Lotus. Masana suna muhawara kan nawa ne cikin fallen jikinta ya ga 1963, kuma muhawarar tana da tushe, domin a motar da fata ita ce shasi, sauya fata sauya mota ne. Abin da kasuwa da masu shirya tsere suka fi yarda da shi shi ne tarihin mallaka da bai yanke ba, daga hannu zuwa hannu.

Mai kula da ita yana farawa da ribit. Wanda ya saki yana barin baƙin gari kewaye da kansa, alamar fallen biyu suna gogar juna, kuma in aka bar shi ramin yana faɗaɗa har ya zama tsaga. Magani shi ne a huda shi a sa wanda ya ɗan fi shi kauri. Inda alminiyam ya haɗu da katangar ƙarfe, danshi yana haddasa tsatsa mai cin alminiyam daga ciki, sai an leƙa da madubi ko ƙaramar kyamara ta ƙofar jakar fetur. Jakunkunan kansu roba ce mai bushewa, dokar tsere tana ba su shekara biyar kafin a sake gwada su ko a sauya, kuma fetur na yanzu mai gaurayen etanol yana cin tsohuwar roba. Ƙafafun taya da gidajen boris na magniziyam ne, ƙarfe mara nauyi mai tsagewa ba gargaɗi, don haka ana wanke su a shafa jan ruwan gwaji mai shiga tsaga, a goge, a fesa farin gari. Inda ja ya fito, an yar da wannan. Haka ake yi wa hannayen taya da sandar sitiyari. Robobin da ke haɗa sandunan tayar baya da akwatin giya ana sauya su bisa awannin aiki, ba a jira su nuna tsaga, domin in ɗaya ta tsinke sandar tana dukan duk abin da ke kusa da ita.

Inji ba a tayar da shi da sanyi. Ana ɗumama ruwa da baƙin mai tukuna, a cire fulogi a juya shi da batir har agogon mai ya nuna matsi, a mai da fulogi, sannan a kunna famfon fetur a tayar. Yawancin masu su suna tsayar da juyi ƙasa da abin da Clark ke kaiwa don a tsawaita tazarar buɗe inji, tunda kayan gyaransa sai an sa an ƙera. Kafin kowace fita ana bin boltocin inji da na bututun mai ɗaya bayan ɗaya, a tabbatar kowanne yana da washarsa ko wayar kulle, a ɗiga masa fenti a kai don in ya motsa a gani da ido.